Ƙusar Da Muttaƙa Ya Raɗa Wa Tsaya

Abin da Hamsatu ta rasa a wannan sha'ani ba ɓoyayye ba ne, don ita da bakinta take jera shi ga duk wanda ya zo sayen ƙuli-ƙuli: turminta na kirya da ta zo da shi gidan aure, da kwalba huɗu na man gyaɗa, da kwanciyar hankalin kwana uku. Abin da ta samu kuwa, ɗan sa baƙi mai farin goshi, da turnabis na murɗa ƙusa mai jar ƙota, da wani suna da 'yan kabu-kabun Dungas suka liƙa mata. Tana cewa ba ta son sunan, amma in aka kira takan waiwaya.

Mijinta Zubairu mai yankan itace ne. Shekara tara yana yawo ƙauye-ƙauye da injinsa ɗan Jamus, irin mai sarƙar nan da ake tayarwa da igiya, yana daddatsa itatuwan da iska ta kayar. Da Allah ya yi masa rasuwa aka raba gado, injin ya faɗo a kason Hamsatu da 'ya'yanta mata. Yana rataye a ɗakin ajiya har ta fita takaba, har aka ƙara wata guda a kai. Damina kuwa ta matso, gona na jira, ba san noma. In ta haɗa da ɗan abin da ta tara na ƙuli-ƙuli, jika ɗari da ashirin na sefa ne zai kai ta ga sa. Ta ce injin nan shi zai haifo su, ko yana so ko ba ya so.

Sai ta aika wa Goni, wani dillalin katako daga Bande, mutumin da ko gaisuwa sai ya rage mata wani abu. Ya zo ya juya injin, ya zuba masa esansi, wato fetur, daga 'yar kwalbarsa, ya taka ƙota ya fizgi igiya. A ja na biyar injin ya kama. Muddin yatsan Goni na kan kunamar ba da wuta, injin na kuka. Yana ɗaga yatsa sai ya yi tari biyu, fut, fut, ya mutu. Sau huɗu ana haka.

Goni ya share hannu ya ce, "Hamsatu, injinki ba ya tsayawa."

"Ba ya tsayawa? To wannan tsit ɗin da ya yi, gudu yake?"

"Ba wannan tsayuwar ba. Ralanti nake nufi. Inji mai lafiya, in ka sake shi ka ajiye, sai ya yi ta numfashi shi kaɗai, sarƙa na kwance. Naki kuwa sai an riƙe masa hannu kamar mai jinya."

"Kewar mai shi yake yi. Kai ma da za a rataye ka wata biyar, da ka yi tari."

"Jika sittin."

"Albarka. Igiyar kake tayawa ko injin?"

Goni ya yi dariya ya miƙe. "To ji nan. Ranar kasuwar Dungas ki kawo shi bakin rumfar Isufu mai shayi. In ya tsaya da kansa har aka sha shayi na farko da na biyu da na uku, jika ɗari da ashirin. In ya mutu, sittin ɗin ma sai na yi shawara."

Hamsatu ta ce, "Allah ya kai mu kasuwar." Ba ta ce ta sallama ba. A riƙe wannan.

Saura kwana uku kasuwa. Goni bai gama fita zaure ba sai ga Muttaƙa, ƙanen marigayi, ya yi sallama. Shi Muttaƙa ya taɓa zuwa Jado neman zinariya, ya yi wata bakwai, ya dawo ba zinariya sai baƙin tabarau da turnabis da labari. A labarinsa, duk injin wuta da ke sansanin shi ke gyarawa, har Larabawa na layi. Waɗanda suka dawo tare da shi kuwa sun ce ruwa yake ɗebo wa masu dafa shinkafa. Tun dawowarsa ya hana a kira shi da sunansa kai tsaye, sai an sa Metir a gaba, kamar shugaban gareji.

Ya ce, "Matar Yaya, me nake ji? A ce injin gidanmu na ciwo, ina raye, ki kira bare?"

"Saye ya zo yi, ba gyara ba."

"Ai tun daga bakin rijiya na ji kukansa na gane cutar. Irinsa goma sha biyu na tayar a Jado rana ɗaya, ɗaya ma da ƙafa na gyara shi ina cin abinci."

"Rediyon liman da ka gyara fa?"

"Rediyon liman ɗan China ne. Kawo tabarma."

Hamsatu ta auna shi. Mai gyara na gaskiya sai Dungas, kuma sai ya ci kuɗi. Wannan kuwa kyauta ne. Abin kyauta shi ne kaɗai abin da ke iya rufe wa Hamsatu ido. Ta kawo tabarma.

Muttaƙa ya zauna, ya gyara tabarau, ya kwantar da injin a gefe. Ya nuna mata wasu ramuka uku ƙanana, kowanne da ƙusa mai tsaga a ciki, kowanne da harafi a bakinsa.

"Kin ga rubutun nan?"

"Na ga fartanya, na ga tsani, na ga guduma."

"Kai, rashin lakkol bai yi ba! Wannan La ne, wannan Ha, wannan Ta. Bature ya san inda zai kai kayansa, shi ya sa ya taƙaita da Hausa. La, Lallaɓa. Ha, Hanzarta. Ta, Tsaya. Me Goni ya ce? Ba ya tsayawa. To ga ƙusar Tsaya nan, ta yi sako-sako. A ɗaure ta, magana ta ƙare."

Zahara'u maƙwabciya, wadda tun ɗazu haɓarta ke kan danga, ta ce, "Ikon Allah! Ashe aji biyun nan da ka yi ba a banza ba."

"Aji uku, Zahara'u. Na ukun ne ban ƙarasa ba."

Ya murɗa Tsaya. Da ya ji daɗin murɗawa ya murɗa Lallaɓa, ya murɗa Hanzarta, don kada su ce an yi wariya. Ya ja igiya har gumi ya jiƙa masa baya. Injin ya kama, ya saki kunama, fut, fut, ya mutu.

Muttaƙa ya buɗe tanki ya shinshina, ya girgiza kai. "Na gano. Man da ake gauraya wa esansi ne, jabu ne. Ɗan Jamus cikinsa ba ya karɓar jabu. Matar Yaya, kawo man gyaɗa, na farkon matsa."

"Man gyaɗata? A inji?"

"A Jado da man zaitun muke yi, don dai nan babu."

Kwalba ta farko ya wanke cikin injin da ita. Ta biyu ya gauraya da esansi. Ta uku ya ɗura a wurin man sarƙa, rabi a ciki rabi a tabarma. Ta huɗu ya soke a hammata ya ce zai je gida ya yi mata bincike. Da aka ja igiya, injin ya tashi da wani farin hayaƙi mai kauri da ya cika gidan, ya haura danga, ya bi lungu. Ƙamshin suya ya game unguwa. Kafin a ce haka mata sun fara shigowa da kwanoni.

"Hamsatu, a ba ni na dala ashirin, masu zafi."

"Yau ba ranar suyarki ba ce, ya aka yi?"

Wata tsohuwa ta leƙa tanda ta ga wayam, ta leƙa kasko ta ga wayam, sai ta tsaya gaban injin da kwanonta tana jira ta ga ta inda ƙuli-ƙulin zai fito. Injin ya dube ta, ya yi fut, fut, ya mutu.

Da la'asar Zahara'u ta kawo rahoto cewa gidan Metir ana tuyar ƙosai, binciken na tafiya daidai.

Kashegari da hantsi ya dawo, fuska ɗaure, kamar likitan da ya zo da sakamako.

"Na yi nazari. Matar Yaya, me ke kashe inji?"

"Kai."

"Bar wasa. Maɓallin kashewa ne. Kuma ta ina mutuwar ke bi ta isa ciki? Ta wannan 'yar wayar. In babu hanya, ta ina za ta zo?"

Kafin ta buɗe baki ya fizge wayar. Da ya ga tana da kyau, ya sunkuya ya ɗaure maɗaurin takalminsa da ya tsinke da ita. Sannan ya kama wani abu mai kama da garkuwa a gaban ƙota.

"Wannan kuma birkin sarƙa ne. Injin da ke neman dalilin mutuwa, me zai yi da birki?"

Ya kwance shi ya jefar. Hamsatu ta tsince shi da 'yan ƙusoshinsa ta sa a buhu, don ita ko murfin kwalba ba ta yarwa.

Ya ƙara wa Tsaya murɗi biyu, ya ja igiya. Wannan karon da ya saki kunama injin bai mutu nan take ba. Ya ci gaba da kuka sama-sama, sarƙa na ja da ciki a hankali.

Muttaƙa ya daka tsalle. "Kin ji? Kin ji? Zahara'u, fito ki ga aikin Jado!"

Hamsatu ta ce, "Goni ya ce sarƙa a kwance. Wannan tafiya take."

"Miƙa take yi, ta daɗe ba ta motsa ba."

Hayaƙi ya rufe masa tabarau. Ya nemi inda zai jingina injin ya goge, sai ya ɗora bakinsa a kan turmin da ke tsakar gida. Garin laluben aljihu ya damƙe ƙota, ya haɗa da kunama. Injin ya yi wata ƙara, garin katako ya tashi, turmin da ya shekara ashirin da shida yana shan taɓarya bai tsage ba ya rabu biyu, kowane ɓari ya kwanta gefensa. Injin ya yi fut, fut, ya mutu, kamar ba shi ba.

Muttaƙa ya cire tabarau ya duba.

"Dama ya tsufa. Kuma ki duba da kyau, yanzu kin samu akushi biyu."

Hamsatu ta ɗauki taɓarya. Muttaƙa ya ɗauki injin. Sau biyu suka zagaya rumbu, a na uku ya samu ƙofa. Daga waje ya ɗago murya: "Jibi za ki gode mini a gaban jama'a! Zan ɗaure Tsaya har ƙarshe, ko girgizar ƙasa ba za ta motsa shi ba!"

Zahara'u ta ce, "Ki bar shi, Hamsatu. In ya gama da injin sai ki ba shi taɓaryar ma ya gyara."

Ranar kasuwa suka hau amalanke ɗaya, don babu wata. Muttaƙa ya sha babbar rigarsa ta shadda ruwan toka, wadda ba ta fita sai sallah, ya rungume injin a cinya kamar jariri ranar suna. Hamsatu na can baya da buhunta, ba ta ce masa ko sannu ba. Yana cikin ba mai amalanke labarin yadda ya taɓa gyara jirgin sama mai saukar ungulu da cokali, sai ƙafar amalanke ta faɗa wani kwazazzabo. Hannuwan Metir na sama suna kwatanta farfela. Injin ya yi tsalle ya dira a kan tsandauri, tim!

Hamsatu ta riga shi sauka. Injin bai fashe ba. Amma a ƙasa, daidai bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, ta ga wani dunƙulen busasshen laka kamar ƙwallon dabino, ya yi baƙi da hayaƙi. Ta ɗauka ta murƙushe gefe. Ciki rami-rami ne, da busassun tsutsotsi.

"Mene ne wannan?"

"Ƙasar hanya ce. Ke komai sai kin tsinta."

Ta ƙulle shi a bakin mayafi.

Kasuwa ta cika. Goni na zaune bakin rumfar Isufu mai shayi, gefe ga mai rake ya jera dammansa, gaba ga 'yan kabu-kabu sun jingina baburansu. Muttaƙa bai yarda a yi abin a ɓoye ba. Ya tsaya tsakiyar fili ya ɗaga turnabis.

"Jama'a, ku matso ku ga abin da ba a koyarwa a Damagaram! Wannan inji likitoci uku sun sallame shi. Ni Metir Muttaƙa na Jado na ce ya tashi. Zan tayar da shi, in ajiye, in harɗe hannu, ya tsaya cik har gobe in ana so. Isufu, ɗora shayi!"

Goni ya ce, "Metir, ina birkinsa?"

"Na yaye shi."

Ya taka ƙota ya fizgi igiya. Abin da Muttaƙa bai sani ba, lakar da ta toshe wa injin hanci wata biyar ta faɗi a hanya. Ja ɗaya ya kama, da wata irin ƙara da bai taɓa yi ba tun rasuwar Zubairu. Sarƙa ta ɗauki gudu har ba a ganin haƙoranta. Muttaƙa ya ɗauka nasara ce. Ya ɗage ƙafa, ya ja da baya, ya harɗe hannu.

"Tsaya!"

Injin ya karkaɗa, ya sunkuyar da baki, sarƙa ta ciji ƙasa, ya kama hanya.

Fili ya dare. Mai ƙwai ya ɗora tirensa a ka ya haye buhun wake. Wani mai awo ya shige ƙarƙashin amalanke ya tarar da mutum uku sun riga shi. Injin ya nufi mai rake, ya shiga dami na farko ya fito ta ɗaya gefen, ya bar rake gunduwa-gunduwa kamar an auna.

Goni, daga saman benci, ya yi ihu: "Kashe shi! Danna maɓalli!"

Muttaƙa ya bi shi a guje ya cafko ƙota ya danna. Ya sake dannawa. Ya dubi maɓalli, ya dubi takalminsa.

"Ba ya... wato... an yi masa gyara!"

"To birki!"

"An yaye shi, in ji Metir!" in ji wani ɗan kabu-kabu daga kan katanga.

Muttaƙa ya zaro turnabis ya cusa a ramin Tsaya. Ɗan sauran murɗin da ya rage ya ƙarasa shi da iyakar ƙarfinsa, yana faɗin, "Tsaya! Tsaya mana, don iyayenka!" Yana ɗaurewa injin na ƙara hauka. Ya kuɓuce masa, ya yi kwana, ya nufi rumfar shayi. Isufu ya suri butarsa ya fita ta baya. Sarƙa ta kama ginshiƙin gaba, guntun giginya ne da gatari ke jin tsoro, ta ratsa shi kamar kabewa. Rumfa ta durƙusa a hankali ta yi gaisuwa.

Metir ya sake yin kukan kura ya tari gabansa, ya baza hannuwa kamar mai korar kaji. Nan injin ya ga shadda. Ya kama bakin babbar riga ya fara naɗewa, yana ci yana matsowa. Muttaƙa ya yi salati ya sunkuya ya zame daga cikin rigar ta wuya, ya faɗi zaune cikin ɓawon rake. Daga shi sai wando da wata singileti mai tagogi huɗu. Tabarau na rataye a kunne ɗaya.

Shaddar ta cushe sarƙa ta hana ta juyawa, amma injin na nan yana kururuwa yana hayaƙi, kasuwa duk ƙamshin ƙuli-ƙuli. Ba wanda ya matsa. Sai aka ga Hamsatu ta ɗaure mayafi a ƙugu ta ratso fili. Ta zagayo ta bayansa, ta take ƙotar da ƙafa kamar yadda take take buhun tunkuza, ta sunkuya ta ja wani ɗan maɗauri da ake rufe wa inji iska in za a tayar da shi da sanyin safiya. Injin ya shaƙe, ya yi gyatsa, ya yi shiru.

Sai a lokacin aka ji kukan awaki.

Goni ya sauko daga benci yana gyara hula. "To, Hamsatu, kin gani da idonki. Da ba ya tsayawa, yanzu ma ba ya tsayawa. Jika hamsin, don zumunci."

"Albarka. Isufu, wutarka ta mutu?"

"Da sauranta, Inna."

"Riƙe ta. A ba ni tabarma."

Ta zauna a tsakiyar fili, ta kwance bakin mayafi, ta ɗaga dunƙulen lakar. "Kun san wannan? Ginin zanzaro ne. Wata biyar inji na rataye, ya samu ɗaki a salansa ya yi aure ya hayayyafa. Wanda aka toshe wa hanci, in ba a matsa masa ba, ta ina zai yi numfashi?"

Ta miƙa hannu ba ta ko dubi Muttaƙa ba. "Turnabis."

"Matar Yaya, wannan aikin ƙwararru..."

"Turnabis. Da takalmin hagu."

Aka kwashe da dariya. Ya miƙa duka biyun. Ta kwance wayar ta ba wani mai gyaran babura ya mayar inda take, ta zazzage birki daga buhu ta ce wa Goni tunda shi ya tambaya, shi zai ɗaura. Ta sa aka tuttule man gyaɗar nan kaf, ta sayi esansi mai kyau da man gaurayensa na dala ɗari biyu, bayan ta taya ɗari da hamsin an ƙi. Ta zare shaddar daga sarƙa tsumma-tsumma tana miƙa wa mai ita. Ta sa tsinke ta sakace sauran lakar. Ta buɗe murfin sama ta ciro ɗan soson da inji ke shaƙar iska ta cikinsa, ya toshe da garin katako ya yi kamar ƙosai, ta wanke shi da esansi ta shanya a gwiwa. Aka kwance mata buji, wato filogin da ke tartsatsin wuta, ya yi baƙi ƙirin yana naso, ta kankare ta goge da guntun shadda.

Sannan ta juyo kan ramukan nan uku, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai bitar karatu.

"Fartanya da tsani, a ɗaure su a hankali har su taɓa, kada a matse, sai a komo baya zagaye guda. Guduma kuwa a sassauta ta tukuna."

Ta miƙe ta taka ƙota. Hannun da ya shekara ashirin yana matsar gyaɗa bai sha wuyar igiya ba. A ja na uku injin ya kama, ta ba shi wuta kaɗan-kaɗan har ya yi ɗumi, hayaƙin suya ya ƙare.

"Yanzu a ɗaure guduma sannu-sannu har sarƙa ta fara rarrafe. Ga ta nan. Sai a komo baya har ta kwanta."

Sarƙa ta kwanta. Hamsatu ta ɗauke hannu ta koma tabarma. Injin na zaune a ƙasa shi kaɗai, tuk-tuk-tuk-tuk, kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Mai gyaran babura ya ce, "Inna, a wane gareji kika yi?"

"Gindin dalbejiyar gidanmu. Kowace Juma'a marigayi na wannan aikin yana surutu shi kaɗai, ni ina ɓarar gyaɗa. Har faɗa nake masa ya cika ni da magana." Ta dubi injin. "Ashe ina ji."

'Yan kabu-kabu suka ɗauka gaba ɗaya: "Metir Hamsatu! Metir Hamsatu!"

Muttaƙa, yana rufe tagogin singileti da hannu, ya ce, "Ai abin da nake shirin yi ke nan aka tare ni. Kuma a tambaya, wa ya sa injin ya faɗo daga amalanke har lakar ta fita? Dabara ce. A Jado haka muke..."

Isufu ya miƙa masa guntun ginshiƙi. "Metir, ga wata dabarar. Rumfata kafin la'asar." Mai rake bai yi rigima ba, don tuni jama'a suka saye gunduwoyin, kowa na son ya ɗanɗani yankan inji.

Aka zuba shayi na farko a gindin rumfar da ta durƙusa. Injin na tuk-tuk. Goni ya kurɓa ya ce, "To, magana ɗaya ce. Jika ɗari da ashirin."

"Albarka."

Goni ya ƙware. "Albarka kamar yaya? Ba haka muka yi ba?"

"Kai ka yi. Ni cewa na yi Allah ya kai mu kasuwa, ga shi ya kawo mu. Ka ji na ce na sallama?"

Wani mutum mai suna Salisu, mai sayar da itace a Magarya, tun ɗazu yana tsugune yana shafa inda sarƙa ta ratsa giginya. Ya ɗago ya ce, "Hajiya, ni na ba da ɗari da ashirin da biyar."

Goni ya ce, "Malam, ana ciniki kana shiga?"

Hamsatu ta ce, "Kasuwa ce, ba ɗakinka ba. Isufu, na biyu."

Aka zuba na biyu. Injin na tuk-tuk. Goni ya zagaya shi yana neman aibi.

"Sarƙar ta ci ƙasa, ta dakushe. Sai na sayi wata."

"Ta ci ƙasa, ta ci rake, ta ci giginya, ta ci shadda, duk a gabanka. Wane inji ka taɓa saya da aka yi maka irin wannan gwajin kyauta?"

"Fentinsa ya goge."

"Fenti za ka yanka itace da shi?"

"Ɗari da ashirin da bakwai."

"Da talatin," in ji Salisu.

Goni ya cire hula ya share gumi ya mayar. Ya dubi injin ko Allah zai sa ya yi fut, fut. Injin ya ƙi. Aka zuba shayi na uku, mai zaƙin, Hamsatu ta karɓi nata ta riƙe ba ta sha ba, tana juya kofin a hannu.

"Hamsatu, ki ji tsoron Allah. Ni da marigayi mun yi shekara tara muna hulɗa. Faɗi kuɗinki na gaskiya, kada shayin nan ya huce."

Ta shanye, ta kife kofin. Ta danna maɓalli, injin ya mutu nan take, mutuwa ta ladabi. Ta ɗauki turnabis ta soke a ƙugu. Muttaƙa ya buɗe baki daga saman rumfa, ta ɗaga masa ido, ya rufe.

Ta ce, "Don hulɗarka da marigayi, kai zan ba. Jika ɗari da talatin da biyar, da turmi sabo na kirya, ka kawo mini shi har gida. In ka ji, na sallama."